Mai Nasiha a Shafin Saudatu

Idan mutum yana riƙe da makullin ɗaki, yana jin ana cutar wani a ciki, ya ƙi buɗewa don kada a ce ya shiga gidan da ba nasa ba, me ya kamata a kira abin da ya yi? Kunya ce, ko ladabi, ko kuwa shi ma yana cikin masu cutar? An juya tambayar nan a kan abin da ya sami Saudatu a Wudil, an sake juyawa, har yau ba ta ba da amsa ba.

Saudatu tela ce, a gida take ɗinki. Mijinta Nu'uman yana da shago a bakin titi kusa da gada, yana sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa. Shekararsu shida da aure, ciki huɗu ta yi, babu wanda ya tsaya. Na ƙarshen ya kai wata bakwai. Mace ce, ta zo ba rai. Suna dawowa daga asibiti a cikin adaidaita sahu, Saudatu ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Sharifa na so a sa mata." Ya riƙe hannunta har ƙofar gida. Ba ta sake faɗa wa kowa sunan nan ba, ko mahaifiyarta.

Bayan ta yi arba'in ta fara rubutu. Akwai wani dandali a intanet da ake kira Rumfar Alƙalami, inda kowa zai buɗe shafi ya rubuta abin da ke ransa da Hausa, masu karatu su bar sharhi a ƙasa. Ta buɗe nata da sunan 'Yar Bakin Kogi. Ba ta ambaci gari ba, ba ta ambaci miji ba. Ta rubuta yadda nono ke cika babu mai sha, da yadda masu zuwa jaje suke kallon cikinta kafin su kalli fuskarta, da yadda take ɗinka wa wasu kayan fitar suna. Mata suka fara amsawa daga Gombe, daga Gusau, har daga Maraɗi. Wata ta rubuta, "Shekara tara ina ɗauke da wannan abin, sai yau na ji an faɗe shi."

Ita da kanta ta nuna wa Nu'uman. Ya karanta a tsaye, ya miƙo mata wayar.

"Ki goge, Saude. Abin cikin gida ne."

"Malam, ban faɗi sunan kowa ba."

"Duk da haka."

"Ka yi haƙuri. Tun da na fara nake iya barci."

Bai sake tayar da maganar ba. Ta ɗauka ya haƙura.

Mako biyu bayan haka wani mai karatu ya bayyana a ƙarƙashin rubutunta. Sunan da ya sa wa kansa Mai Nasiha. Sharhinsa na farko gajere ne: mace ta gari ba ta baza sirrin ɗakinta a kasuwa. Saudatu ta wuce shi, irin waɗannan ba su da wuyar samu. Na biyun ya ce mai yawan kuka a kan abin da Allah ya karɓa tana jayayya da Mai shi. Na ukun shi ne ya tsayar mata da keke a tsakiyar ɗinki:

"Jiya kina can kina danne-danne, miyar kukarki ta kama a tukunya. Allah ya shirye ki."

Miyar ta kama kuwa. Ta ɗaga kai ta kalli katanga, ta kalli taga. Babu kowa sai kaji.

Ta danna wurin kai ƙara. Masu kula da Rumfar su biyar ne, 'yan sa kai, ba a biyan su ko sisi, kowa da aikinsa na cin abinci. Babbansu, Malam Muhyiddeen, a nan Wudil yake, ma'aikacin laburare ne a jami'a. Shi ya kira ta washegari da hantsi. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya yi mata jajen abin da ya karanta a shafinta, da murya mai sanyi irin ta wanda ya saba ba mutane haƙuri.

"Na duba, Malama. Gaskiya babu daɗi. To amma ƙa'idarmu, abin da muke gogewa shi ne ashar, ko hoton banza, ko cin mutuncin addini. Wannan bawan Allah bai yi ashar ba."

"Ya san abin da na dafa, Malam."

"Wataƙila dace ne. Ai kowane gida ana miyar kuka." Ya yi 'yar dariya, ya ji ba ta taya shi ba, ya gyara murya. "Mu a Rumfa sulhu muka fi so a kan kora. Kuma idan matar aure ce ta kawo ƙara, mukan fara magana da maigidanta, don kada ya ji a waje a ce mun tsallake shi. Ki turo min lambarsa."

Ba ta ga aibu a ciki ba. Haka ake yi a ko'ina: idan mace ta kai ƙara wajen mai unguwa, mijinta ake fara nema. Ta tura.

Da la'asar Nu'uman ya dawo da kifi a leda.

"Wani Muhyiddeen ya kira ni," ya ce yana cire takalmi. "Mutumin kirki. Ya ce za su sa ido. Ni dai na faɗa miki tun farko, duniyar nan ba a buɗe mata ciki."

Daga ranar Mai Nasiha ya canza salo. Kaushin harshen ya ragu, kowane sharhi ya koma farawa da sallama ya ƙare da addu'a. Abin da ke tsakiya ne ya ƙara kaifi. Ya yi mata addu'ar Allah ya sa ta wanke labulen ɗakinta mai ruwan toka. Ya tambaye ta ko mace mai zama a bakin keke tun safe har yamma tana da bakin tambayar abin da ya sa ciki ba ya zama. Ran nan kuma ya ce yana gaida matar mai shagon kayan inji ta bayan makarantar firamare, yana fatan mijinta zai samu ladan haƙuri.

Sau bakwai ta kai ƙara. Amsar ba ta canzawa: mun duba, bai saɓa ƙa'ida ba, a ci gaba da haƙuri.

Sai ta fara lissafin masu shigowa gidan. Wa ya ga labulen? Wa ya ji ƙaurin miyar? Mata masu kawo ɗinki ta fara sallama tun daga zaure, ta ce keke ya lalace. Ta daina zuwa Islamiyya, don ranar da ta je ta ga mata biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, da ta matso suka kife ta. Ta sauke labule, ta koma yin girki a ɗaki da ƙofa a rufe, hayaƙin risho yana cin idonta.

A ƙarshe zarginta ya tsaya a kan Murja. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Murja ce ta kwana da ita a asibiti, ita ta wanke mata zannuwa, kuma ita ce ta shigo aron rariya ranar da miyar ta kama.

Murja ta yi sallama da kwanon dambu a hannu, ta tarar da ƙofa a sakaye.

"Saude, kin shiga takaba ne ba mu sani ba? Buɗe, da zafinsa, har da zogalen da kike so."

Saudatu ta buɗe kaɗan, ba ta miƙa hannu ba.

"Ki koma da shi. Sai ki je ki rubuta cewa na ƙi karɓa, ki rufe da addu'a."

"In rubuta a ina? Ni da wayata ko hoto ba ta buɗewa?"

"Akwai ta ɗan'uwanki."

Murja ta daɗe tana kallon ta. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali.

"Ban san me aka ce miki na yi ba. Amma ni na ɗauki 'yarki a hannuna kafin a naɗe ta. Ban ce Allah ya isa ba, don ba ki da lafiya."

Nu'uman yana tsakar gida yana alwala, ya ji komai. Da Murja ta fita ya girgiza kai.

"Mutum ke nan, Saude. Wanda ka yarda da shi..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki dambun ya shiga da shi, ya ci rabi.

A watannin nan ya fi kowane lokaci tausaya mata. Yakan dawo da wuri, ya kawo mata lemo da tsire, ya zauna ta karanta masa sabon abin da Mai Nasiha ya rubuta tana kuka, shi kuma yana cewa, "Ki goge shafin ki huta." Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Rubutun ya ragu daga kullum zuwa sau ɗaya a mako, amma ba ta goge ba. Matan nan na Gombe da Gusau su kaɗai suka rage mata.

Ranar da yarinyar za ta cika shekara da a ce ta rayu, Saudatu ta rubuta layi huɗu kawai. Ta ce yau akwai wadda ya kamata a ce tana koyon tafiya tana kama ƙafar keke. Ta ajiye wayar ta ɗora sanwa. Kafin ruwa ya tafasa amsa ta shigo.

"Assalamu alaikum. Ki bar Sharifa ta kwanta lafiya a kabarinta, ki daina talla da ita. Allah ya ba ki ikon ji."

Ta karanta sau ɗaya. Ba ta buƙaci na biyu ba. Ta zauna a ƙasa a inda take, ta jingina da buhun gawayi. Abin da ya fara zuwa mata ba fushi ba ne, hannun Nu'uman ne a cikin adaidaita sahu, da ɗuminsa. Ruwan ya tafasa ya ƙone tana zaune.

Ta kira Muhyiddeen. Bai gama gaisuwa ba ta katse shi.

"Malam, kowa da lambar waya yake rajista a Rumfa, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Kuma kuna gani."

"Mu masu kula muna gani, amma amana ce, ba ma..."

"Ban ce ka ba ni duka ba. Karanta min huɗun ƙarshe na Mai Nasiha."

Tana jin fanka tana juyawa a inda yake, da wani yana jan kujera.

"Malama, ni ba na shiga tsakanin mata da miji."

"Ban ce maka miji ba."



"To ka toshe shi," ta ce. "Ko wane ne. Ka goge abin da ya rubuta a kan 'yata."

"Ki fahimce ni. Idan na toshe shi zai ce na ɗaure wa matarsa gindi ta bijire masa. Gari ɗaya muke, masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa. Aure abu ne mai girma, ba zan so a ce ta hannuna ya lalace ba. Kuma har yanzu, in an bi ƙa'ida, bai yi ashar ba. Ku zauna ku fahimci juna, shi ya fi."

Ta kashe wayar.

Nu'uman ya shigo bayan azahar. Ya ga babu abinci, ya ga fuskarta, ya ga wayar a kan tabarma tsakaninsu.

"Malam, wa ka faɗa wa sunan?"

Ya zauna a bakin gado. Ya cire hula ya riƙe ta a hannu, yana murza bakinta.

"Da baki na roƙe ki, kika ƙi."

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu kowa." Ya ɗago. "Kin san me ake yi min a bakin titi? Wani ya gane ke ce, matarsa tana karantawa. In na zo wucewa sai a yi shiru. Wani har magani ya kawo min a ƙunshe, wai na maza. Ke kina samun masu ce miki sannu, ni wa ya ce min? Ni na haƙa ramin nan, Saude. Ni na sa ta a ciki."

"Da ka faɗa min haka."

"Na ce ki goge."

"Ba shi ne ka faɗa min haka ba."

"Ban zage ki ba ko sau ɗaya. Ki duba. Nasiha ce, kuma haƙƙina ne in gyara gidana. Shi kansa Muhyiddeen da na yi masa bayani ya gane, cewa ya yi kawai in sassauta harshe."

Nan ne ta ji wani abu ya tsinke mata wanda sunan Sharifa ma bai tsinka ba. Sallamar nan da addu'ar nan da ke buɗe kowane sharhi su rufe shi, ashe shawara aka ba shi.

"Kana zaune a nan ina karanta maka ina kuka," ta ce. "Kana kallo na kori Murja. Ka ci dambunta."

Ya mayar da hularsa ya ce zai koma shago, in ta huce sa yi magana.

Ta haɗa kaya a jaka ɗaya. Kafin ta fita unguwar ta tsaya a ƙofar Murja, ta yi sallama. Murja ta dube ta, ta dubi jakar, ta koma ciki ta yafo mayafi.

"Kawo in riƙe miki. Ke ko tsayuwa ba kya iyawa, ji ki kamar tsinken tsire."

Ta raka ta har tasha. Da motar Achika, garin yayar Saudatu, ta cika, Murja ta cusa mata ƙullin gyaɗa ta taga.

Mako uku ta yi a gidan yayarta. A can sabis sai an fita bakin hanya, ita kuwa ba ta fita ba. Nu'uman ya aiko sau biyu, yayarta ta ce a ba ta lokaci. Tana taya su sussukar gero, ta ci abin da ta iya ci, ta kwanta.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama da ita. Wata dattijuwa ce mai gilashi ta shigo, ta ce sunanta Hajiya Talatu, ungozoma ce da ta yi ritaya, tana cikin masu kula da Rumfa. Ta ce da baƙo a waje. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Baƙon Muhyiddeen ne, ya fi yadda muryarsa ta nuna ƙuruciya, siriri ne, da ƙurar hanya a gira. Ya gaishe ta idonsa a ƙasa.

"'Yata, ni ban san komai ba sai shekaranjiya," in ji Hajiya Talatu. "Ƙararrakinki duk wajensa suke tsayawa, tunda shi ne na garinku. Mata suka yi ta tambaya ina 'Yar Bakin Kogi, sai ga Mai Nasiha ya rubuta wai alhamdu lillahi ta ji nasiha. Na kira wannan na ce ya faɗa min gaskiya ko in ajiye musu aikinsu."

Muhyiddeen ya zaro takarda daga aljihu.

"Mun zauna mun gyara ƙa'idoji, Malama. Daga yanzu ba za a sake kiran mijin kowa ko waliyyinta ba sai ita ta nema. Duk wanda ya fallasa inda mutum yake, ko abin cikin gidansa, za a toshe shi ko da ayoyi ya rubuta. Kuma ƙarar mace, mace za ta fara..."

"Yaushe ka sani?" Saudatu ta tambaya.

Ya ninke takardar.

"Ranar da kika turo min lambar. Na je zan kira, na ga ita ce a gabana a kan rajistar."

"Wata huɗu."

"Wata huɗu da kwana tara." "Na ɗauka ina kare aurenki ne. Na ce in na yi shiru zai gaji ya bari, ba za ki taɓa sani ba, gida ya zauna. Kullum in na ga ƙararki sai in ce wannan ce ta ƙarshe."

"Sau bakwai na buga maka ƙofa. Kana ciki, ka san wanda ke bina, kana ce min in yi haƙuri." Ba ta ɗaga murya ba. "Da ka ce min ba za ka iya ba, da na nemi wani. Ce min ka yi babu komai. Har na fara zaton kaina ne ya taɓu."

A cikin gida ana daka, taɓarya tana sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Matan suna jiran ki," Hajiya Talatu ta ce a hankali. "In kin ga za ki iya."

"Wadda ta yi rubutun nan ta ɗauka tana da ɗaki, Hajiya. Ban san ko tana nan ba." Ta juya wajen Muhyiddeen. "Sunan 'yata yana nan a ƙasan shafin?"

"Yana nan. Hajiya ta ce kada in taɓa sai a gabanki."

A zauren babu sabis. Suka fita su uku zuwa bakin hanya, suka tsaya a gindin wata tsamiya inda mutanen garin ke tsayawa in za su yi waya. Wani mai amalanke ya wuce ya gaishe su. Muhyiddeen ya ɗaga wayarsa sama har ta kama, ya sauke ta daidai inda Saudatu za ta gani. Ga sunan Mai Nasiha, ga lambar da ta haddace tun kafin a ɗaura musu aure, ga sharhi sittin da uku a jere, kowanne da sallamarsa.

Ya danna wurin toshewa da gogewa sau ɗaya, wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya sake dannawa. Jerin ya ɓace, wurin ya koma fari.

Saudatu ta ci gaba da kallon wayar, tana jiran sauran aikin.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan," in ji Muhyiddeen.

Mai amalanken ko kwanar hanya bai kai ba.